Ranar da Muka Je Shagari Raba Auren Matuƙin Jirgi

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sakkwato a motata, ni da wani abokina. Ku da kuke bibiyata kun saba jin na je kallon kasuwa ko gaida dangi, to wannan tafiyar daban ce. Abokin nawa ya roƙe ni in kai su Shagari shi da baffansa, ya ce akwai maganar gida. Sai da muka wuce kwanar filin jirgi ya faɗa mini ko wace magana ce, na kusa sakin sitiyari.

Ƙanensa Bashiru ya yi karatun tuƙin jirgin sama. Baffan ne ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, kuma shanunsa ya sayar aka yi karatun. Bashiru ya faɗi jarabawar ƙarshe, ya tattara ya koma Shagari inda matarsa Hadiza ke koyar da lissafi. Daga nan labari ya fara zuwa gida. Maƙwabta sun ce kullum da rana suna jin matar tana ba shi umarni da Turanci, da kakkausar murya, shi kuwa duk abin da ta faɗa sai ya maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Aka ce ta mallake shi. Baffa ya yanke hukunci za a raba auren, mu kuma mu ne 'yan rakiya.

Hanyar ba laifi, ban da ramukan da manyan motoci suka ci wajen Sifawa. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba iska ta fara zafi. Ana tsakiyar cire albasa, hagu da dama tuli ne ja jawur, ga jakuna da amalanke suna kai wa bakin titi. Na tsaya tayin buhu ɗaya, mai albasar ya faɗi kuɗi, na tambaye shi ko da jakin ne. Ya yi dariya ya ce in dawo da damina in ji farashi na gaskiya.

A Bodinga muka tarar da Baffa a ƙofar gida ya riga ya shirya, da rawaninsa da sandarsa. Dogo ne siriri, irin dattawan da ba su ɓata magana. Muka durƙusa muka gaishe shi, aka kawo masa mai zafi da romo, na ci har na ji kunya. Shi ko ruwa bai sha ba. Da muka hau hanya abokina ya gwada lallashi, ya ce a bari a ji ta bakin yaran tukuna.

"Mi za mu ji?" in ji Baffa. "Yarinyag ga ta gama da shi. Ta ce mai hagu shi ce hagu, ta ce mai sauka shi ce sauka. Yau gidansu za ta kwana."

Muka bi ta gefen Dandin Mahe, makiyaya suna kora shanu neman ruwa, kowace saniya ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Baffa ya bi su da kallo har suka ɓace.

Gidan Bashiru ɗan madaidaici ne, da farantin sola biyu a rufi. Ran nan ba makaranta, tun daga zaure muka jiyo abin da ake faɗa. Muryar mace, a tsaye, ba wasa, tana jera lambobi da Turanci, sai muryar namiji ta maimaita. Baffa ya dube mu, ya buga sallama da ƙarfi ya kutsa.

Abin da muka tarar ba shi muka zata ba. Bashiru na zaune gaban allon talabijin babba da kwamfuta, kunnensa da abin sauraro, gabansa wani katako da ya jera wa maɓallai da ababen murɗawa. A allon sararin sama ne da gajimare, kamar kana leƙe ta gilashin jirgi. Hadiza tana ɗaki na gaba da ƙaramar kwamfuta, tana kallon jirgin a taswira. Suka taso a firgice suka zube gaisuwa.

Baffa bai zauna ba. Ya nuna allon da sanda ya ce, "Wanga fa?"

Bashiru ya yi bayani a hankali. Na'urar koyon tuƙi ce, ƙanwar irin ta makarantarsu. Jirgin zamani, in ka shigar masa da hanya tun a ƙasa, shi zai riƙa tuƙa kansa, ya hau, ya karkata, ya sauko. Amma sama ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai jami'in da ke ƙasa yana kallon duk jirage, shi ke ba kowa izinin inda zai bi. In ya canza maka hanya, dole ka maimaita masa abin da ya ce don ya tabbatar ka ji daidai, sannan ka sanya wa jirgin da hannunka, sannan ka duba ko ya karɓa. A jarabawarsa an ce ya karkata hagu. Ya maimaita, ya murɗa lambar, amma bai ja maɓallin da zai sa jirgin ya bi sabon umarnin ba. Jirgi ya ci gaba da tsohuwar hanyarsa. Dama ɗaya ta rage masa wata mai zuwa, shi ya sa Hadiza ta zauna ta koyi maganar jami'an, take zame masa jami'i kullum in ta dawo daga makaranta.

Baffa bai gamsu ba. Ya ce a nuna masa, kuma da Hausa, kuma ba Bashiru zai zauna ba. Sandar ta juyo kaina.

Haka na tsinci kaina a kujerar matuƙi. Jirgi na tafiya lafiya lau ba tare da na taɓa komai ba, har na fara jin ashe aikin bai kai tuƙin mota a kasuwa wuya ba. Bashiru ya nuna mini abin murɗawa, ya ce in na sa lamba in jawo shi. Can muryar Hadiza ta shigo kunnena, kuma tana fita ta lasifika kowa na ji. Ta ce in karkata hagu zuwa lamba kaza, akwai jirgi a gabana.

Na ce, "To."

"Yaya, ba a cewa to. Maimaita."

Na maimaita, na murɗa lambar daidai, na ji daɗin kaina. A daidai nan Baffa ya dafa kafaɗata yana tambaya ko wancan koren ƙasa ce ko ruwa. Na juya ina amsa masa. Ban ja maɓallin ba, kuma ko kaɗan ban san ban ja ba. Jirgi bai yi ƙara ba, bai girgiza ba, yana ta tafiyarsa miƙe. Hadiza ta sake kira, muryarta ta canza. Kafin in gane me take nufi wata murya ta ɓarke daga na'urar tana gargaɗi, wani ɗigo a allon ya koma ja, sai ga wani jirgi sukutum ya cika gilashin ya shuɗe ta samanmu.

Baffa ya yi salati ya duƙe, rawaninsa ya zame. Abokina ya kai bakin ƙofa. Ni kuwa gumi ya jiƙe rigata, alhali na san sarai a ɗaki nake a Shagari.

Da Baffa ya samu numfashi ya ce, "Ta ce hagu, kowa ya ji. Shi jirgin bai ji ba?"

"Ba ya ji, Baffa," in ji Bashiru. "Sai abin da hannun matuƙi ya ba shi."

"Kurma na ke nan." Baffa ya gyara rawaninsa. "Na hau shi zuwa Makka, barci niy yi har muka sauka."

Ni ma abin da ya girgiza ni ke nan. Duk hawan jirgin da na yi, na ɗauka jirgi da mutanen ƙasa sun san juna, matuƙi ɗan kallo ne. Ashe tsakanin umarni da bin umarni akwai kunnen mutum ɗaya da yatsunsa, kuma tambaya guda ta isa ta ɗauke masa hankali.

Baffa ya sa Bashiru ya zauna. Hadiza ta koma ɗakinta, ta riƙa canza masa izini a tsakiyar sauka, ta tsayar da shi, ta juya shi, har ta kira lambar wani jirgin da gangan don ta ga ko zai amsa. Bai amsa ba. Kowane umarni sai ya maimaita, ya murɗa, ya ja, ya ɗora yatsa a allon ya faɗi abin da jirgin ya karɓa. Da ya sauke jirgin, Baffa ya ce a kira ta. Ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa. Ina jin ta san abin da ya kawo mu.

"Ɗiyata, ki gafarce ni," in ji shi. "Kuma kada ki sassauta mai."

Ta rufe fuska da mayafi. Bayan azahar ta kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, Baffa ya ci ya nemi ƙari.

Da la'asar muka juyo. Da muka shigo Bodinga na nufi gidansa, ya ce a'a, in sauke shi a majalisar bakin masallaci. Ya ce a nan ya zauna ya faɗi maganar yarinyar gaban mutane, kuma ba zai shiga gida ba sai ya warware ta a wurin. Muka bar shi yana dogara sanda zuwa wajen dattawan.

Mun iso Sakkwato ana kiran magariba. Tafiyar ta koya mini cewa maƙwabtan nan ba su yi ƙarya ba, abin da suka ji ta bayan katanga suka faɗa. Mu uku kuma muka cika mota da mai muka tafi raba aure, ba wanda a cikinmu ya taɓa leƙa ɗakin. Jarabawar Bashiru wata mai zuwa ce. Ku sa shi a addu'a, shi da matarsa.