Gyambon Baba da Waɗanda Suka Daina Zuwa

Gyambon da ke ƙafar Baba ya cinye damina ya shiga rani, ga ciwon suga. Mahauci ne a kasuwar Batsari, a tsaye yake wuni. A asibiti sun ce a yi ta zuwa wankin ciwon da haƙuri, in aka bari ya ruɓe sai yanke ƙafa. Yayana kuwa ya kafe sai an kai shi wurin wani mai magani a wajen Tsaskiya.

"Duk wanda ya je, wata guda ya warke," in ji shi. "Kai dai ji da allonka."

Ni malamin lissafi ne a Safana, kuma "duk" ɗin nan ya ba ni haushi. Na ce, "Yaya, wa ya ƙirga?"

Ashe mai maganin ne. Wanda ya daina zuwa, a wurinsa ya warke ke nan. Kai jama'a!

Masu nazarin jinya ba haka suke yi ba. Wanda ya ɓace ba a jefa shi cikin waɗanda suka warke, ba a kuma share shi. Ana lissafa shi da ciwonsa har ranar da aka yi masa ganin ƙarshe, daga nan a ce ba a sani ba. Kowane mako sai a duba, cikin masu ciwon da har yanzu ake gani, mutum nawa ne nasu ya rufe. Na yi bayani har bakina ya bushe, Yaya yana danna waya.

Sai na hau babur na bi waɗanda suka daina zuwa wurin mai maganin ƙauye-ƙauye. Wasu sun warke da gaske, ban ɓoye ba. Wasu aikin gona ne ya tsare su. Kowa ka gaishe shi da jiki sai ya ce da sauƙi, don haka nakan nemi afuwa in roƙi a nuna mini ƙafar. A Babban Duhu na tarar da wani dattijon makiyayi da ake kafa misali da shi wai ya warke, zaune kan tabarma, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an ɗaure da igiya, an yanke ƙafar. Wallahi ranar na tsorata.

Da na dawo na faɗi komai a gaban Baba. Yaya ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya tambaye ni kamannin mutumin, na kwatanta masa.

"Shekara da shekaru a hannunsa nake sayen shanu," ya ce. "Ni ce mini aka yi ya bi garke kudu."

Ya jawo hularsa. "Tada babur ɗin nan, asibiti za mu."