Irin Burukutun Gwaggo Saratu Yana Nan da Rai

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Saratu, yayar mahaifina, a flat ɗinta, gidan hayar hukuma da ke unguwar Catford a London. Ranar Lahadin da ta wuce aka yi addu'ar tunawa da ita a cocinmu. Baba ya tashi ya karanta tarihinta: ta yi aikin kula da tsofaffi, ta yi waƙa tare da matan coci, ta riƙe marayu. Duk gaskiya ne. Sai dai bai ce tana dafa burukutu ba. Ni ban iya magana a taro ba, shi ya sa na rubuto.

A shagunan Old Kent Road take sayen dawa. Ta jiƙa, ta baza a kan buhu kusa da boiler, na'urar ɗumama gida, har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa. Wannan kowa zai iya koya. Abin da ba a sayarwa a shago shi ne iri, wato ragowar tsohuwar giya da ake zubawa cikin sabuwa don ta tashi. Nata daga gida ya zo, a bushe a jikin muciyar kakarmu, muciyar da ba a taɓa sa mata sabulu ba.

Na taɓa kawo mata yis na fakiti, sinadarin da ke sa ƙulli ya tashi, wanda Turawa masu haɗa giya a gida suke amfani da shi. Giyar ta tashi da wuri, ta yi kyau a ido. Gwaggo ta kurɓa, ta ture ƙoƙon, ta ce, "Rahila, wannan ai ruwan burodi ne. Ina tsamin? Wa ya san danginsa?" Yis ɗin fakiti jinsi ɗaya ne tak. Irin Gwaggo kuwa taro ne, yis da ƙwayoyin tsami da suka daɗe suna zaune tare. Su ke sa harshe ya fara jin tsami, zaƙin dawa ya biyo baya.

Bayan jana'iza matan coci suka zo sharar flat ɗin. Da kyakkyawar niyya suka kankare muciyar da bilic, ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Na buɗe firij, na ɗauki kwalbar da take ajiye ragowar irin a ciki, na tura ta cikin jakar littattafaina. Tun daga nan nake ciyar da shi da ruwan tsiron dawa, a ɗakina na ɗalibai da lokacin hutu a gida.

Yau a London ana sayar da giya mai tsami a ƙarƙashin gadojin jirgin ƙasa, matasa na yin layi. Da Gwaggo na nan, na san za ta ɗanɗana, ta tambaye su wa ya ba su iri. Sannan ta juyo kanmu, mu da muke jin kunyar namu, alhali ita ko fasto ne ya zo gaisuwa ba ta ɓoye tukunyarta.

Da aka tashi daga addu'ar, Baba ya ja ni gefe. "Ki zubar da abin nan. Dangin saurayinki za su zo tambaya, kar a ce ke 'yar gidan masu giya ce."

Na ce, "Baba, ai 'yar gidan masu giya ce ni."

Ya juya ya tafi neman motarsa.

Gwaggo ba ta haihu ba. Flat ɗinta wasu ne a ciki, waƙoƙinta an fara mantawa. Irin ma ya ɗan sauya, don ruwan London ya rage masa kaifi. Amma cikin duk abin da ta bari, shi kaɗai ne yake ci yake numfashi, kuma ni ce zan amsa idan ya mutu. Baƙi su zo, za a ba su shayi. Kwalbar tana saman firij, ba zan sauke ta ba. Jiya ma na jiƙa dawa.