Baba Ilu Mai Fito

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Wudil. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya haɗa ni da wata Baturiya 'yar ƙasar Holan, injiniyar ruwa, da ta zo duba kogi. Ya ce in yi mata tafinta.

Muna tafe ta ba ni labarin wani kwamandan jiragen ruwan yaƙinsu da ya mutu fiye da shekara ɗari uku. Titin gidansu sunansa yake ɗauke da shi, yara suna karanta shi a firamare, kabarinsa kuma ana ziyarta. Na ce ai na karanta cewa ya yi yaƙi a kan sansanonin cinikin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Ta ce gaskiya ne, yanzu ma gardamar da suke yi ke nan, don komai nasa a rubuce yake. Sai ta tambaye ni, "Ku wane ne naku a kogin nan?"

Na kai ta wurin Baba Ilu, tsohon shugaban masu fito. Ya soma ba mu labarin shekarar da ruwa ya ci ƙauyuka, yadda ya raba wa mutanensa kwale-kwale suka kwana uku suna kwashe jama'a. Tari ya tsayar da shi. Ya ce, "Malam, ka dawo da abin ɗaukar magana. Sunayen mutanen da suka yi aikin ceton nan suna kaina, ba wanda ya riƙe su."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

A ƙa'idar aikinmu, fita da ɗalibai sai an rubuta wa shugaba, shi kuma ya tura ofishin shiyya. Na so ɗalibaina su ji da kunnensu, sai na rubuta na zauna jira. Ga waya a aljihuna, ga gidansa ba nisa. Takarda ta dawo bayan damina. Ranar da na je, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana zaman makokinsa.

Na tambayi babban ɗansa sunayen mutanen. Biyu ya iya tunawa.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa yanzu, idan tsoho ya ce ku dawo, ku koma a ranar. Takardar izini ta biyo ku daga baya.