Faifai na Biyu Yana Gonar Kawu

A shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gida Ƙanƙara ina jiran aiki, aka sa ranar auren autarmu da wani malamin makaranta ɗan Damari, can wajen Sabuwa. Sai bayan kaka za a yi bikin. An raba wa kowa aikinsa a gidan, ni kuma na ɗauka nawa ya fi na kowa sauƙi.

A dangin Inna akwai waƙar da ake yi wa amarya ranar sa lalle. Kakarmu ta Daudawa ce take yin ta, ita ta yi wa duk yayyena mata. Da ta rasu sai abin ya dawo kan Inna, ita kuwa farkon waƙar da ƙarshenta kawai ta riƙe, tsakiyar ta ɓace mata. Ba ta cika faɗa ba, amma nakan ji ta wajen tankaɗe tana farawa a hankali, in ta zo wurin sai ta yi shiru.

Yayana ya taɓa ɗaukar muryar Kaka tana wannan waƙa da wata ƙaramar rakoda, tun yana ɗalibi. Batir ya zubar da ruwa a cikinta ya cinye maɓallan, ba ta kunnuwa. Amma da na haɗa ta da kwamfutata 'yar gwanjo, wata 'yar fitila ta kama a jikinta. Na ce wa Inna mai yiwuwa muryar tana nan, amma ban yi alkawari ba.

Ta ce, “Kai dai kullum mai yiwuwa. Ba karatun abin ka yi ba?”

Ba shi na karanta ba, ilimin ƙasa na yi, amma a gidanmu duk mai digiri gwanin kwamfuta ne.

Rakodar ba ta magana da kwamfuta sai da manhajarta, wadda ke kan wani faifan CD a cikin kwalinta. Na sa faifan. Nan take saƙo ya fito cewa manhajar ba ta dace da wannan kwamfuta ba, ta tsufa. Na bi bayanai a waya har na gano ana iya sa kwamfuta ta ɗauki kanta a matsayin tsohuwa don ta karɓi tsohon abu. Na yi hakan. Sai ta ce ba ni da izini. Na sake buɗewa da izinin mai kwamfuta, sai manhajar tsaro ta tare, wai tana zargin ƙwayar cuta ce. A nan na daɗe. Duk takardun neman aikina suna cikin kwamfutar, kuma ina tsoron in kashe mai gadi ɓarawo ya shigo. Sai da na kwashe komai zuwa filashi, na duba, na sake dubawa, na kashe intanet, sannan na dakatar da tsaron da bismillah.

Layin da ke nuna shigar manhajar ya fara cika, kore shar. Har na miƙe zan kira Inna, sai ya tsaya ya ce in saka faifai na biyu.

Na zazzage kwalin, babu. Na nema a intanet, shafukan da na samu ba su kwanta mini ba, na ƙi taɓa ko ɗaya. Yayana ya ce a waya kwalin ya daɗe a Daudawa cikin kayan Kaka, in tambayi Kawu, ƙanen Inna. Na buga masa waya.

Na ce, “Kawu, ko ka ga wani faifai a kayan Kaka?”

“Mai ƙyalli kamar madubi, da huda a tsaka?”

“Shi fa.”

“Yana gona.”

“Gona kuma, Kawu? Mi ya kai shi?”

“Aiki ya kai shi. Kai da digirinka kana zaune, shi ko tun bara ya samu aiki, yana korar mani tsuntsaye.”

Na san ana rataye tsofaffin faya-fayai a gona in dawa ta fara ƙosawa, iska na juya su, hasken na firgita tsuntsayen jan-baki. Ban dai taɓa zaton namu yana ciki ba.

Na bi motar 'yan kasuwar Yankara da sassafe, da niyyar dawowa kafin la'asar kamar yadda kowa ke yi yanzu a hanyar nan saboda 'yan bindiga. Sa'ar da na ci ita ce gonar bayan gari ce, ba ta nesa da suka daina zuwa ba. Kawu ya ja igiya daga wannan sanda zuwa waccan, ya rataye gwangwanaye da leda da faya-fayai, na wa'azi da na fim duk a haɗe. Muka bi su ɗaya-ɗaya har na ga mai lamba biyu, rubutunsa ya koɗe, ga kashin tsuntsu a gefe.

Kawu ya ce, “Ka ga wanga? Ya fi su ƙwazo. Ba ka tafiya da shi sai ka ba ni madadi.”

Da ma na zo da shiri. Na miƙa masa wani faifai da na taɓa ajiye kwafin kundin digirina a kai. Ya ɗaga shi a rana, ya jujjuya, ya ce yau ya ga amfanin boko.

A gida na wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, na goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Wuraren da suka karce na shafa musu man goge baki, don na karanta wai yana taimakawa. Ban san ko gaskiya ba ne. Washegari da hantsi na sa shi, Inna na zaune kusa tana tsince shinkafa. Ya yi ƙara, ya yi shiru, ya ci gaba. Daf da ƙarshe ya ce akwai fayil ɗin da ya kasa karantawa: in sake gwadawa, in tsallake, ko in fasa. Na yi ta sake gwadawa, amsa ɗaya.

Inna ta ce, “Mi ya ce kuma?”

Na yi mata bayani, na ƙara da cewa in na tsallake ban san abin da zai lalace ba, mai yiwuwa har muryar ta goge.

“In ka fasa fa, za mu ji ta?”

“A'a.”

“To tsallake mana. Zaman da kake yi kana kallon shi ai ba ya kawo ta.”

Na zare wayar rakodar tukuna, don ko da wani abu, sannan na danna. Ya ƙarasa. Har yau ban san aikin wannan fayil ba, kuma wani lokaci abin yana ɗan damuna.

Na mayar da rakodar, jerin muryoyi ya fito. Na farko laccar yayana ce. A na gaba sai muka ji tari, da kukan akuya, da Kaka tana cewa, “Matso da abin naka, ja'iri, ko sai na yi ihu?” Sannan ta fara. Inna ta ajiye tiren shinkafa ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Da aka zo tsakiyar na ga leɓɓanta suna motsi, suna ɗan riga Kaka ma. Da ta ƙare sai ta ce, “Sake.”

Na juya muryar zuwa irin wadda kowace waya ke kunnawa, na tura wa duk wanda ke dangin, don ban yarda da faifan nan karo na biyu ba.

Ranar sa lalle ina zaure da maza muna shirya kujeru, na ji Inna ta fara daga cikin gida. Na tsaya da kujera a hannu. Ta zo wurin da take yin shiru, ta ja numfashi, ta wuce, mata suka amsa mata da guɗa.