Tafiyar Ajuma Yamai da Ta Ƙare a Gonar Dawa

Duk direban da ya taɓa jiran takardu a bakin gadar Gaya, kan iyaka, ya san Ajuma mai kifi. Shekara talatin da wani abu ta yi tana suyar tarwaɗa a gindin itacen bedi ɗaya, ta yi Hausa da wannan, ta juya Dendanci da wancan. Yanzu gwiwa ta zaunar da ita, ƴarta Ikilima ce a bakin kasko.

Mijinta, marigayi Yacuba, makaniki ne a wani aikin noman shinkafa wajen Tounouga, shi ke kula da injunan jawo ruwa daga kogi. Wata damina bel ɗin inji ya kama masa hannu. A likitar Gaya aka ɗaure ciwon, aka ce sai Yamai. Aka yi sa'a ranar wani ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu ya kawo shugaban aikin, shi kuwa ya ce a tafi da Yacuba da matarsa.

Ajuma ta ruga gida ta ɗaura atamfarta ta Salla, ta ƙunshe soyayyen kifi a takarda, don ba ta san abin da ake ci a Yamai ba.

"Ke, biki za mu?" in ji Yacuba, yana cije baki.

"Malam, da zanen suya kake so in shiga jirgi?"

Filin jirgin na jar ƙasa ne, kuma an sha ruwa da safe. Matuƙin, wani dogon Bazabarme marar yawan magana, ya taka filin da ƙafa, ya ɗan yi jim, sannan ya ce su shiga. Jirgi ya ɗau gudu, taɓo na fallatsa a gilashi. Ajuma ta runtse ido tana salati, tana jiran ta ji ta a sama. Sai ta ji ƙarar injin ta faɗi, birki ya kama, jirgi na zamewa. Ƙarshen fili ya zo ya wuce. Suka kutsa gonar dawa, karare na dukan fukafukai, har ƙafar gaba ta kafe cikin laka.

Kifi ya watse ko'ina, ɗaya ma a cinyar matuƙi.

"Mun iso?" ta tambaya, ido a rufe.

Yacuba, wanda tun safe yake ta nishi, ya fashe da dariya har da hawaye. "Mun iso gonar Cha'ibu!"

Cha'ibu mai gonar ya rugo da hauya zai yi faɗa. Da ya ga jini a bandeji, ya yar da ita, ya kama Yacuba suka fito da shi. Matuƙin ya ce musu laka ce ta riƙe tayoyi, gudun bai kai na tashi ba. Da ya matsa sai ya tashi, giginyoyin da ke gaba ne za su tare su. A nan ne Ajuma ta zauna cikin taɓo da atamfarta.

Da motar aikin aka kai su Dosso. Yatsu biyu suka tafi, hannun ya tsira. Jirgin ya kwana uku a gonar kafin a jawo shi da tarakta, mutane har daga garin Bengou suna zuwa kallo, ita kuwa Ajuma tana can Dosso tana jinyar mijinta. Yacuba ya ƙara shekara goma sha tara yana gyaran babura. Duk ranar da suka saɓa, sai ya leƙo ɗaki ya ce, "Mun iso?" Fushin ya ƙare ke nan.

Bayan rasuwarsa, wata rana wani dattijo mai furfura ya sauko daga motar Kwatano, ya tsaya a gabanta ya sayi kifi, ya ce, "Hajiya, yaya hannun maigida?" Sai a muryar ta gane matuƙin. Ta gaya masa Yacuba ya rasu. Ya yi addu'a a tsaye, mota ta yi oda, ya tafi. Ba ta tambayi sunansa ba, kuma har yau abin na damunta.