Malam Abdulhadi da Hoton da Aka Riƙe a Juye

Shekara talatin da ɗaya, kullum ƙarfe shida da rabi na safe Malam Abdulhadi Lawal yana tashar metro ta Ainu Shams, riƙe da gurasa da dafaffen waken ful a leda. Ya sauka a Ma'adi, ya shiga wata cibiyar adana taswirori da ba zan ambaci sunanta ba, tunda ita ma ba ta taɓa ambatar nasa ba. Karatun fiƙihu ne ya kawo shi Alƙahira. Da tallafi ya yanke, aka ɗauke shi aikin goge hotunan hamada da jirage suka ɗauka daga sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana gogewa yana kallo, har ya fi masu digirin da ke bene na uku iya karanta su.

Gwanintarsa ita ce gano inda jirage marasa inji suka sauka, irin waɗanda wani jirgi ke ja da igiya ya saki a sama. "Mai inji yana da sawun zuwa da na komawa," in ji shi. "Marar inji sawu ɗaya gare shi, kamar ni." Ƙa'idarsa ɗaya ce: kafin ka karanta hoto, juya shi har inuwa ta faɗo wajenka. In ba haka ba ido zai yaudare ka, tudu ya zama rami, rami ya zama tudu.

Bara wata ma'aikaciyar ofishin jakadancinmu, Godiya Sulaimanu, ta zo da tsohuwar wasiƙa. Kakanta na cikin sojoji lebura tara da irin wannan jirgi ya faɗi da su a hamadar yamma, kuma wasiƙar ta ce an binne su a gindin tudu. Mahaifinta yana Zonkwa, ya haura tamanin, bai taɓa ganin ubansa ba. Abin da yake roƙo kafin ya mutu shi ne cikin tafin hannu na yashin kabarin.

Ta yi sa'a, aka ce. Shugaban bincike, Duktur Mazin, ya riga ya gano wurin, an sassaƙa dutsen tunawa, an aika katin gayyata. Malam Abdulhadi ya dubi hoton da ke bango, wanda aka rataya arewa na sama kamar taswirar makaranta.

"Ya Duktur, hoton a juye yake. Tudunka rami ne. Tudun gaske yana kudu, kilomita huɗu."

"Ma'alish, ya Ammu Abdulhadi. An gama dutse. Khalas," in ji Duktur, wato Baffa ya yi haƙuri, zance ya ƙare.

"To a sassaƙa wa mamatan ƙafafu su tako."

Ba wanda ya yi dariya. A cibiyar, ba a yi wa maganar ma'aikacin ƙarƙashin bene dariya sai in ta zama wauta.

Ranar hutunsa ya ɗauki Godiya, da wani Badawi, Balaraben hamada, da ya san inda nakiyoyin yaƙin suke kwance, suka nufi kudu. Godiya ce ta ba ni labarin. A gindin tudun suka tarar da haƙarƙarin ƙarfen jirgin ya ci tsatsa, da tarin duwatsu tara a jere. Ta durƙusa ta yi addu'arta, shi ma ya ɗaga hannu ya yi tasa. Sai ta fito da kwalba ta tsaya.

"Baba, wanne ne nasa?"

"'Yata, hoto bai kai nan ba. Ɗebi kaɗan daga kowanne. Sauran takwas ɗin ma iyayen wasu ne."

Dutsen tunawa yana nan a bakin rami har yau, domin nan kwalta ta tsaya, kuma manyan baƙi ba sa son yashi a takalmi. Rahoton cibiyar ya gyara wurin a shafi na arba'in, "bisa sabon nazarin tawagar Duktur". Watan jiya aka sallami Malam, idanunsa sun dushe. Aka ba shi agogon bango, kyauta mai kyau ga wanda ba a jiransa a ko'ina.

Malam, kai ne ka gano masauki goma sha bakwai, sunanka bai sauka a takarda ko ɗaya ba. Kai ne mai karanta inuwa, aka bar ka a cikinta. Mun gode, mu da muka yi shekaru muna haɗuwa da kai a masallaci muna ce maka "mai goge hotuna". Allah Ya saka maka, tunda mu mun kasa.

Ɗalibanmu na unguwar Hay el-Sabi', ku je Ainu Shams ku zauna gabansa tun yana iya bambance fari da baƙi. Ku koyi juya hoto ko da an riga an sassaƙa dutse. Ba zai kai ku bene na uku ba, ni shaida ne. Amma kwalbar ta isa Zonkwa. Godiya ta ce tsohon ya zuba yashin a tafinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi sunan mutumin da ya nemo masa ubansa. Shi ne na farko da ya tambaya.