Injin Igwa a Bayan Gidan Yaya Kabiru

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Kabiru makwancinsa a Birmingham. Ni ce autar ɗakinmu, shi ya kawo ni ƙasar nan karatu. Kowace shekara addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni.

Injiniya ne. Ya daɗe a wata masana'anta yana daidaita bututun ƙarfe, har ranar da abokin aikinsa ya faɗa masa, cikin raha, cewa bututun nan a bakin tankokin yaƙi suke ƙarewa. Wata bai zagayo ba ya ajiye aikin, ya koma gyaran lif, na'urar hawa bene, a dogayen gidajen hayar council, wato ƙaramar hukuma. Matarsa ta yi kuka. 'Yan'uwa a Kano suka ce sammu aka yi masa.

Tun daga nan ya duƙufa kan tarihin igwa. A rumfar bayan gidansa da ke unguwar Sparkhill ya ƙera ƙaramin samfurin injin da maƙeran Italiya suka yi aiki da shi shekaru aru-aru da suka wuce: wili na katako da ruwa ke juyawa, da sandar ƙarfe mai haƙora a baki. Wata Asabar ya kira ni in gani. Ya ɗora bututun tagulla, ya saki ruwan tiyo a kan wilin. Sandar ta fara cin cikin bututun a hankali, garin tagulla na zuba ƙasa, ƙarar kamar ta mai cizon haƙora cikin barci.

"Binta, kin san su wa suka fara zuba igwa?" in ji shi. "Masu zuba ƙararrawar coci. Da hannu ake goge cikin igwar, a sha wuya. Da ruwa ya karɓi aikin, sai igwa ta yawaita. Mai kula da injin kuwa bai taɓa ganin garin da aka rusa ba. Gida yake komawa ya ci abinci da 'ya'yansa."

Dariya na yi, na ce ya shigo shayi na hucewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Yau ɗansa Usman yana zaune a wurina a unguwar Levenshulme. Ya gama jami'a da sakamakon da ya sa uwarsa hawaye, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A watan jiya wani kamfani ya ɗauke shi aiki. Zai riƙa koya wa jirage marasa matuƙa yadda za su bambance mutum da dabba daga sama.

A kicin na tare shi, yana yanka mini albasa.

"Gwaggo, it's just software," ya ce. "Ni ba na harba komai."

"Babanka ma bai taɓa harba komai ba."

Ya ajiye wuƙar. "In ban yi ba wani zai yi, someone who doesn't care su waye a ƙasa. Wanne kika fi so?"

Na ɗauki wuƙar na ƙarasa yankan albasar. Amma a makon nan wata 'yar'uwarmu ta bugo daga ƙauye, ta ce yanzu in an ji gunjin jirgi a sama, taron biki watsewa yake yi, mata su suri yara su bar tukwane a kan wuta. Ba a tsayawa tambayar na wa ne.

Da Yaya na raye, me zai ce? Na san ba zai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Wataƙila ya zaunar da yaron ya tambaye shi ko ya taɓa ganin fuskar waɗanda na'urarsa za ta duba. Wataƙila kuma hujjar ɗan ta kayar da shi, yadda ta kayar da ni. Shi dai ya iya barin aiki ya huta da zuciyarsa, amma barinsa bai rage ko bututu ɗaya a duniya ba, kuma ya san haka har ya koma ga Allah.

Nakan zauna in auna abin da ya bari. Basirarsa da natsuwar hannunsa suna wurin Usman, ba abin da ya ragu. Tsoronsa kuwa ni ya bar wa, ni da ban iya ƙera ko allura ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinsa. Ranar Litinin Usman zai fara aiki.